Yaya fursunoni shida 'yan Ayilan suka fice daga kurkukun Fremantle da rana tsaka?

Tsohon Gandiroba

Assalamu alaikum. Aikin gidan yari na yi tun ina saurayi har na yi ritaya, shi ya sa duk inda aka ce fursuna ya gudu sai kunnena ya miƙe. Akwai labarin wasu 'yan Ayilan su shida da Turawan Ingila suka ɗaure a Fremantle, can yammacin Ostireliya, waɗanda aka ce sun tsere ranar 17 ga Afrilu, 1876, suka hau wani jirgin ruwa mai suna Catalpa har Amurka. Ƙaramin ɗana da ke karatun tarihi ne ya gutsura mini, amma da na fara jero masa tambayoyi irin namu na masu aikin, sai ya ce iyakar abin da aka ba su a aji ke nan.

Abin da ya ɗaure mini kai, mutanen nan ɗaurin rai da rai ake yi musu, kuma sojoji ne da aka kama da cin amanar sarauniya. A iya sanina irin wannan fursuna ba a fita da shi aikin waje, in ma an fita da shi, to gandiroba ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Ta yaya mutum shida za su ajiye aiki da hantsi, ba haƙa rami, ba haura katanga, ba fasa kwaɗo, su hau keken doki su kama gabansu? Ina masu gadi suke? Ko an sayi wani ne a ciki? Domin ni dai abin da na sani, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sannan wai jirgin gwamnati ya bi su da igwa, ya cim musu, ya kuma juyo ya bar su don kawai kyaftin ya nuna tutar Amurka. Wannan kam ban karɓa ba sai an fahimtar da ni. Ingilar wancan zamani da babu mai ja da ita a teku ce za ta ji tsoron ƙyalle?

Mai sani ya taimaka. Amma don Allah yadda abin ya gudana nake so, ba kirari ba.

Malam Na Ajin Tarihi

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Amsar tambayarka ta farko tana cikin taswira. Ginin Fremantle na nan har yau, fursunoni ne suka gina shi da farin dutse a shekarun 1850, ba a rufe shi ba sai 1991. Amma ba wannan katangar hukuma ta dogara da ita ba. Baƙin da suka zauna a yammacin Ostireliya a lokacin duk ba su kai 30,000 ba. Gabas da su daji ne da hamada na dubban kilomita, babu ruwa, kuma 'yan sanda na da 'yan asalin ƙasar masu bin sawu da ba sa ɓatan hanya. Yamma da su kuwa Tekun Indiya ne. Wanda ya gudu, ko dai ƙishirwa ta dawo da shi, ko a tsinci gawarsa. Kuma dalilin da ya sa yankin ya roƙi Landan ta turo masa fursunoni tun 1850 shi ne ƙarancin ma'aikata. Ana son masu yin hanya da gada da tashar jirgi. Fursunan da aka kulle a ɗaki asara ne a wurinsu.

Su shidan nan 'yan ƙungiyar da ake kira Feniyan ne. An kafa ta a Dublin a 1858, James Stephens ne jagora, manufarta ƙwace Ayilan daga hannun Ingila da ƙarfin makami. Dabararsu mafi haɗari ita ce shiga cikin rundunar Ingila kanta, inda 'yan Ayilan suke da yawa ƙwarai, suna rantsar da su a ɓoye. Wani saurayi John Devoy ne aka ɗora wa wannan aiki. Asiri ya tonu a 1865 da 1866, aka yi ta kame, sojojin aka kai su kotun soja. An zuba Feniyan 62 a jirgin Hougoumont, 17 daga ciki sojoji, ya iso Fremantle a Janairun 1868. Shi ne jirgin fursunoni na ƙarshe da Ingila ta aika Ostireliya. A kan hanya ma ba su zauna haka ba, jarida suka riƙa rubutawa da hannu suna karanta wa juna.

Mutum na farko cikinsu da ya nuna ana iya fita shi ne John Boyle O'Reilly, a Fabrairun 1869. Yana cikin ayarin masu aikin hanya kusa da Bunbury, wani limamin Katolika, Fada Patrick McCabe, ya haɗa shi da manoma 'yan Ayilan suka ɓoye shi a tudun yashi na bakin teku. Jirgin da aka fara shiryawa da shi ya wuce bai ɗauke shi ba. Daga baya wani jirgin Amurka mai farautar wel, wato ƙaton kifin nan da ake narka kitsensa a yi man fitila, mai suna Gazelle, ya ɗauke shi. Ya ƙare a Boston har ya zama editan jaridar The Pilot. Ka riƙe wannan, zai dawo.

A 1869 da 1871 gwamnati ta yi wa Feniyan farar hula afuwa. Devoy na cikin waɗanda aka saki daga kurkukun Ingila bisa sharaɗin barin ƙasa, ya sauka Niyok a 1871. Sojoji kuwa aka ce ba su ciki, domin sun ci rantsuwar soja. To a 1874 wasiƙar ɗaya daga cikinsu, James Wilson, ta iso hannun Devoy ta ɓarauniyar hanya, yana cewa murya ce daga kabari. Ka duba nauyin da ke kan Devoy: shi ya rantsar da irin waɗannan mutane, ga shi yana yawo a Amurka, su suna fasa dutse. Ya kai maganar taron Clan na Gael, ƙungiyar Feniyan ta Amurka, a Baltimore a shekarar, aka amince, aka shiga tara kuɗi daga 'yan ƙwadago.

Wasu sun so a tafi da mayaƙa a fasa gidan. O'Reilly da abokinsa Henry Hathaway, wanda ma'aikaci ne a Gazelle lokacin gudunsa, suka ce a'a, a sayi jirgin farautar wel, a sa shi ya yi farautar da gaske. Jiragen nan sun saba zuwa gaɓar yammacin Ostireliya shan ruwa da sayen abinci, babu mai kallonsu sau biyu. Aka sayi Catalpa a New Bedford a kan dala 5,000 da 'yan kai, ya tashi ranar 29 ga Afrilu, 1875.

Sai wanda aka tura ya shirya komai a tudu, John Breslin. Ya iso Fremantle a Nuwamban 1875 da sunan James Collins, wai attajiri ne daga Amurka mai neman inda zai zuba jari. Ya sauka a otal ɗin Emerald Isle, ya yi ta zagaya yana duba katako da filaye, manyan gari suna rububinsa. Baba, har cikin kurkukun aka zagaya da shi a matsayin babban baƙo. Abokin aikinsa Thomas Desmond ya zama Tom Johnson, ya kama aikin gyaran keken doki a Perth, babban birnin yankin, don ranar da za a nemi keke da dawaki kada kowa ya yi mamaki. Saƙo kuma na shiga gidan yana fita a ɓoye.

Zancen sayen gandiroba, a Fremantle ba a buƙace shi ba. Amma hasashenka bai faɗi ƙasa ba, wuri kawai ya sauya. Shi Breslin ɗin ma'aikacin gidan yari ne a da. Yana aiki a asibitin kurkukun Richmond a Dublin a 1865, shi da wani mai gadin dare suka kwafi makullai suka fitar da James Stephens. Wato wanda aka tura Fremantle ɗan gida ne a sana'arku, ya san lokacin ƙidaya, ya san inda ido ke yin sanyi.

Su shidan kuwa, bayan shekara takwas a can, an riga an mai da su amintattu masu aiki a wajen katanga. Thomas Darragh yana yi wa limamin cocin Ingila hidima, Robert Cranston ɗan aike ne na ma'aji, Thomas Hassett yana lambu, Martin Hogan yana fenti, Wilson da Michael Harrington suna cikin ayarin aikin waje. Ranar Litinin ɗin Ista ce, ana gasar tseren kwalekwale a Perth, manya da yawa sun tafi kallo. Cranston ya je wurin gandiroban ayari da saƙon ƙarya cewa ana neman Wilson da Harrington su ɗauki kaya a gidan gwamna. Mutumin da kullum shi ke kawo saƙo, wa zai tuhume shi? Aka sake su. Sauran kowa ya sulale daga inda yake, suka haɗu a hanyar Rockingham inda keken doki biyu ke jira. Wasu Feniyan biyu, John Walsh da Denis McCarthy, sun riga sun yanke wayar tangarahu. Tafiyar wajen kilomita 30 ce zuwa bakin ruwa. Wani ma'aikacin kamfanin katako da ya gan su suna shiga kwalekwale ne ya hau doki ya kai labari Fremantle.

Ɗan Apapa

Malam ya gama da tudu, bari in taɓa ruwa, tunda nan nake cin abinci. Baba, ni wanda ya fi ba ni mamaki a labarin nan ba ɗan Ayilan ba ne ma. George Anthony, kyaftin ɗin Catalpa, Ba'amurke ne ɗan New Bedford, ba Katolika ba, babu abin da ya haɗa shi da rigimar Dublin. Surukinsa John Richardson ne dillalin da ya sayi jirgin. Ya bar mata da jaririya a gida ya karɓi aikin da in ya kwaɓe, shi ma Fremantle ɗin zai ƙare.

Wata goma sha ɗaya ya yi kafin ya iso Bunbury a ƙarshen Maris 1876, kuma ba da wasa ba. Ya yi farauta a Atlantika, ya sauke gangunan mai wajen 200 a Fayal cikin tsibiran Azores, a nan yawancin ma'aikatansa suka gudu ya ɗebi sababbi. Agogon auna wuri na jirgin ba ya tafiya daidai, wanda a zamanin da babu na'urar tauraron ɗan adam kusan makanta ce. A Tekun Indiya ya gamu da wani jirgin Ingila, Ocean Beauty, ya hau gaisuwa, ashe kyaftin ɗinsa shi ne ya tuƙa Hougoumont a 1868. Da hannunsa ya ba Anthony taswirar gaɓar da ya yi amfani da ita wajen kai fursunonin. Bai san me ya bayar ba.

Da farko an sa rana a farkon Afrilu, sai ga jirgin yaƙin Ingila, Conflict, ya shigo Fremantle, dole aka ɗaga har ya tafi.

Ranar kuma Catalpa bai matso gaɓa ba, can nesa ya tsaya. Anthony da kansa ya zo da ƙaramin kwalekwalen farauta. Irin wannan mutum shida ake yi wa shi, ranar nan mutum 16 ya ɗauka, bakinsa kusan daidai da ruwa. Da yamma suna hango jirginsu sai hadari ya taso, sandar da ke riƙe ƙyallen iska ta karye, duhu ya rufe. Suka kwana suna kwalfe ruwa. Awa 28 suka yi a cikinsa. Da safe jirgin gwamnati mai tururi, Georgette, ya riga su isa wurin Catalpa. Mataimakin kyaftin, Samuel Smith, ya ce kyaftin na tudu, kuma ba wanda zai hau masa jirgi. Georgette kwal ɗinsa ya yi ƙasa, ya juya, ya wuce kusa da kwalekwalen, mutanen suka kwanta a ciki ba a gan su ba. Bayan azahar aka yi tsere tsakaninsu da kwalekwalen 'yan sanda, suka riga shi da ɗan taƙi kaɗan.

Abin da nake so a riƙa faɗa shi ne, masu tuƙin nan da suka yi awa 28 suna jan ruwa ba wanda ya tambayi ra'ayinsu. Ma'aikatan Catalpa yawancinsu 'yan tsibiran Kef Bade ne na nan yammacin Afirka, da 'yan Azores, da 'yan Malaya da tsibiran Fasifik. Farauta suka sa hannu a kai, kuma ba albashi ake biyan mai farautar wel ba, kaso ne daga man da aka samu. Mutum ɗaya tak na ƙungiyar ke cikin jirgin tun daga farko, Dennis Duggan, a matsayin kafinta. Ko Smith sai da aka yi nisa aka gaya masa. Bayan an tsira Anthony ya so ya ci gaba da farauta don a mai da kuɗi, fursunonin suka ce atafau sai Amurka kai tsaye, ga rashin lafiya ga tsoron haɗuwa da jirgin yaƙi. Ba na ganin laifinsu. Amma kason wa ya ragu? A Rockingham an kafa abin tunawa a 2005, agwagin daji shida na tagulla suna tashi sama. Shida ne, ba goma sha shida ba.

Uwar Biyu

Baba ina wuni. Maganar tuta zan ɗauka, domin fannin shari'a na karanta.

Ba ƙyallen suka ji tsoro ba. Ƙa'idar lokacin ita ce ikon ƙasa a teku yana ƙarewa mil uku daga gaɓarta. Bayan nan, jirgi yana ƙarƙashin dokar ƙasar da yake ɗauke da tutarta, kuma a lokacin zaman lafiya ba ka da ikon tare shi ka hau, sai a 'yan wurare kamar fashin teku. Catalpa ya yi nesa da mil ukun nan sosai, kuma da gangan Anthony ya ajiye shi a can.

Da safiyar 19 ga Afrilu Georgette ya dawo da igwa da tsofaffin sojoji masu gadi. Sun harba ta gargaɗi, suka ba da minti 15 a tsaya. Anthony ya ce babu fursuna a jirginsa, ya nuna tuta, ya ce yana kan tekun kowa, wanda ya harbe shi Amurka ya harba. Wanda ke jagorantar Georgette jami'in 'yan sandan ruwa ne, ba kwamandan rundunar sarauniya ba, kuma Gwamna William Robinson bai ba shi izinin ɓarin wuta a wajen ruwan yankin ba. Barazana ce ya gwada ko za ta ci, ba ta ci ba. Ya bi su na ɗan lokaci yana fatan iska ta tura su cikin mil ukun, da bai samu ba ya koma.

Dalilin taka-tsantsan ɗin gwamnan yana da tarihi. A 1861 jirgin yaƙin Amurka ya tare jirgin wasiƙun Ingila, Trent, ya cire mutum biyu daga ciki. Ingila ta tayar da jijiyar wuya har aka fara shirin yaƙi, sai da Amurka ta sake su. To da wane baki za ta aikata abin da ta kusa yin yaƙi a kansa? Sannan a 1872 masu sulhu a Janiba suka yanke Ingila ta biya Amurka dala miliyan 15.5 kan ɓarnar da jirgin Alabama, wanda aka ƙera a Ingila, da wasu irinsa suka yi lokacin yaƙin basasar Amurka. Shekara huɗu kacal da yanke wannan tara. Gwamnan ƙaramin yanki ba zai ɗauko wa Landan sabuwar rigima a kan mutum shida ba.

Kuma ko ya so tambaya ba shi da hanya. Wayar tangarahu ba ta haɗa Perth da sauran Ostireliya ba sai 1877. Shi ya sa aka yi abin dariya a Landan: a watan Mayu 1876 'yan majalisa suka roƙi a yi wa sojojin Feniyan afuwa, Firaminista Disraeli ya tashi ya ƙi, alhali shida daga cikinsu sun fi wata guda a teku. Catalpa ya shiga Niyok ranar 19 ga Agusta.

Mai Ja Da Baya

Ni kullum sai in ga ana fara labarin nan daga tsakiya. Kafin Feniyan akwai na 1848, 'yan ƙungiyar Matasan Ayilan da suka yi ɗan boren da bai kai ko'ina ba, aka kai su tsibirin Van Diemen, Tasmaniya ta yau. Baba, wannan zai fi ba ka haushi. Su 'yan boko ne masu gata, don haka ba a kulle su ba. Aka ce kowa ya ba da kalmarsa ba zai gudu ba, a ba shi gunduma ya zauna.

William Smith O'Brien ya ƙi bayarwa, aka kai shi tsibirin Maria. Ya gwada gudu a 1850, kyaftin ɗin jirgin da aka biya ya sayar da shi, aka mai da shi Port Arthur. Terence MacManus ya fice a 1851 ya sauka San Francisco. Thomas Meagher ya bi a 1852, bayan ya aika wa majistare takarda cewa ya janye alƙawarinsa. John Mitchel a 1853 ya fi kowa iya shege: ya shiga ofishin 'yan sanda na Bothwell da abokinsa P. J. Smyth, da bindiga a jikinsu, ya miƙa takardar janye alƙawari, kafin majistare ya gama tattara hankalinsa sun hau dawakai.

An daɗe ana gardama ko wannan cika alƙawari ne. Ni a ganina wayo ne aka sa masa rawani. In ka ce ka janye kalmarka, adalci shi ne ka tsaya a kama ka, sannan ka nemi hanyar gudu. Su shidan Fremantle ba su da wannan matsala, ba wanda ya nemi kalmarsu, don ba a ɗauke su masu kalma ba. Wasunsu ma harafin D aka zana musu a jiki, alamar sojan da ya gudu daga aiki.

Kuma kada mu ɗauka duk wanda ya tsere wa zalunci ya tsani zalunci. Mitchel da ya isa Amurka ya zama mai kare bautar baƙar fata a jaridarsa, ya goyi bayan Kudu a yaƙin basasa, 'ya'yansa biyu suka mutu a wannan ɓangare. Meagher kuwa ya zama janar a rundunar Arewa. Tsibiri ɗaya suka gudo, suka ƙare suna fuskantar juna.

Tsohon Gandiroba

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. 'Yata Uwar Biyu, na karɓi bayanin tuta. Ashe ba tsoro ba ne, lissafi ne, kuma ɗan sandan nan ya yi daidai da bai wuce umarni ba. Da ya harba, shi za a fara sallama.

Malam, da ka ce Breslin ɗan gida ne sai komai ya zauna mini. Wanda ya yi aikin ne kaɗai zai san cewa ba katanga ake nema ba, ɗan aike ake nema. Fursunan da ya daɗe, ba ya faɗa, ba ya ƙara, shi ake ba makullin sito, shi ake aika ofis, har a manta da abin da ke rubuce a fayil ɗinsa. Ba na zargin gandiroban da ya saki mutum biyun nan. Saƙo ya zo ta bakin da ya saba zuwa. Wanda ya kamata a tambaya shi ne wanda ya zuba masu laifi ɗaya su shida a aikin waje lokaci guda, da wanda ya zagaya da baƙo cikin gida don ya ga alamar kuɗi a jikinsa.

Zancen nisa ya zama kurkuku kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Turawan nan dai su ne suka kai Sarkin Kano Alu Yola sannan Lakwaja bayan 1903, a can ya rasu a 1926.

Saura tambaya ɗaya. Malam ya ce sojoji 17 aka kai. Na san wasu za su mutu, wasu wa'adinsu zai cika. Amma ranar da aka tafi, shida ne kaɗai suka rage a gidan, ko an bar wani?

Malam Na Ajin Tarihi

An bar wani, Baba. James Kiely, shi ma soja ne mai ɗaurin rai da rai, yana gidan a ranar. Sauran shidan ne suka ce kada a gaya masa, domin suna zarginsa da neman kai rahoton 'yan uwansa ga hukuma tun lokacin shari'a a Dublin, shekara goma baya. Breslin ya bi maganarsu. Kiely ya wayi gari ya ji labari kamar kowa, kuma a yammacin Ostireliya ya ƙare rayuwarsa.

Waɗanda suka tafi ma ba daɗi suka tarar ba bayan an gama tarba da jawabai. Kurkuku ya riga ya ci lafiyarsu, yawancinsu ƙananan ayyuka suka yi har mutuwa. Wilson ne ya fi daɗewa, ya rasu a Rhode Island a 1921. Anthony bai sake komawa farautar wel ba, domin duk tashar Ingila da ya shiga ana iya kama shi, sai ya kama aikin kwastan a New Bedford, ya rasu a 1913. Wanda ya ci ribar siyasar shi ne Devoy. Nasarar ta ɗaga Clan na Gael, kuɗi suka riƙa shigowa, ya zama mai faɗa a ji cikin 'yan Ayilan na Amurka har zuwa boren Dublin na 1916, wanda shi ma an yi shi ne ranar Litinin ɗin Ista. Ya rasu a 1928 aka kai gawarsa maƙabartar Glasnevin a Dublin.

Ɗan Apapa, jiragen biyu ma kowanne da ƙarshensa. Georgette ya nitse a Disamban 1876 ɗin, a gaɓar kudu da Bunbury. Catalpa kuwa daga baya aka sayar da shi ya koma dakon kwal.